Yawan Shan Sukari: Abin da Yake Yi wa Hanta, Jini, Zuciya da Haƙori

Idan mutum ya tsaya wajen mai shayi da safe aka zuba masa sukari babban cokali biyu, da rana ya kora shinkafa da kwalbar lemo mai santilita 50, da yamma kuma ya dama fura ya ƙara mata cokali biyu, to kafin ya kwanta barci sukarin da ya shiga cikinsa ya haura giram 100, ko da kuwa bai taɓa alewa ko cincin ba a wannan yini. Lissafin ba shi da wuya. Babban cokali da aka ɗebo shi da tozo yana ɗaukar giram 15 ko fiye, yawancin lemon kwalba kuma yana ɗauke da kusan giram 10 a cikin kowane mililita 100, wato kusan giram 50 a kwalba guda. Ba a sa madarar gwangwani mai zaƙi ko garin cakulan da aka haɗa shayin da su a cikin wannan lissafi ba. Mutumin da ya yi haka ba zai yarda cewa yana shan zaƙi da yawa ba, domin a ganinsa abin da kowa ke yi shi ya yi.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta a kan wannan batu, inda ta ce kada sukarin da ake ƙara wa abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, kuma idan an iya mayar da shi ƙasa da kashi 5 ya fi alheri. Ga baligin da ke bukatar kalori 2,000 a yini, kashi 10 shi ne giram 50, wato ƙaramin cokalin shayi 12 da aka shafe bakinsa, kashi 5 kuma giram 25, wato cokali 6. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta riga ta tsananta fiye da haka tun 2009, domin ta kayyade wa mata giram 25, maza kuma giram 36. Ke nan kwalbar lemo ɗaya ta cinye kason yinin gaba ɗaya, mutumin da muka fara da shi kuwa ya ninka iyakar sau biyu, ya ninka abin da aka fi so sau huɗu.

Ya kamata a lura da abin da ƙa'idar ta ƙirga da abin da ta bari. Ta ƙirga sukarin da mai girki ko kamfani ko shi mai ci ya ƙara da hannunsa, ta ƙirga zuma, ta kuma ƙirga ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Ba ta ƙirga sukarin da ke cikin ɗanyen mangwaro ko gwanda ko goba da aka ci da tsokarsu ba, haka nan wanda ke cikin madara da nono bisa halitta. Wanda bai san dalilin wannan rarrabewa ba zai ɗauka son zuciya ne, tunda duk zaƙi ne, amma dalilin yana cikin tafiyar da sukari ke yi bayan ya wuce maƙogwaro.

Farin sukarin da ake samu daga rake, wanda masana ke kira sukuros, haɗin abu biyu ne da suka riƙe juna rabi da rabi, wato glukos da furuktos. Da ya isa ƙaramin hanji sai su rabu, kowanne ya kama hanyarsa. Glukos ɗan gida ne a jiki, domin shi ne makamashin da ƙwaƙwalwa da tsoka ke ƙonawa, kuma tuwo da shinkafa da doya da burodi duk glukos suke komawa bayan sun narke. Idan ya shiga jini, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, takan saki sinadarin insulin, shi kuma ya buɗe wa glukos ƙofar shiga tsoka da kitse, ya sa hanta ta adana wani, har yawansa a jini ya koma daidai. Furuktos, wanda ya fi ɗan'uwansa zaƙi a harshe, hanyarsa daban ce. Ba ya tayar da insulin sosai, kuma tsoka ba ta cin moriyarsa kai tsaye yadda take cin ta glukos. Idan kaɗan ne kuma a hankali ya zo, hanji kan sarrafa kaso mai yawa tun kafin ya wuce, amma idan ya zo da yawa a lokaci guda sai ya kwarara zuwa hanta, ita kuwa hanta tana da birkin da take taka wa glukos idan ta ƙoshi, amma ba ta da irinsa ga furuktos. Duk abin da ya iso sai ta karɓa. Takan mayar da wani sashe glukos, ta adana wani, wani kuma ta mayar da shi kitse.

Saboda haka yawa da sauri su ne ginshiƙin al'amarin. Bahaushe da kalma ɗaya yake cewa ya sha mangwaro, ya sha rake, ya sha lemon kwalba, amma jiki ba ya ɗaukar ukun abu ɗaya. Sukarin mangwaro yana kulle cikin tsoka da zare-zare, sai an tauna, sai hanji ya warware shi sannu a hankali, kuma ciki kan cika kafin a wuce gona da iri. Mai shan rake yana fama da ɓawo da gaɓa da tofar da totuwa, sanda ɗaya takan ɗauke shi tsawon hira. Lemon zaƙi ɗaya yana da sukari kusan giram 10 zuwa 12, kuma da wuya mutum ya zauna ya shanye huɗu a jere, amma idan aka matse su a kofi zai shanye cikin minti ɗaya yana neman ƙari. Abin da ke cikin kwalba kuwa ba shi da zare ko ɓawo ko wani abin da zai tsayar da shi a hanya.

Akwai matsala ta biyu ga sukarin da ke cikin ruwa, ita ce ba ya ƙosarwa. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka sun wallafa wani ɗan gwaji da suka yi da mutum 15, inda suka riƙa ba su ƙarin kalori 450 a kullum har mako huɗu a matsayin alewa, sannan a wani zagayen suka ba su adadin nan a matsayin lemon kwalba. Lokacin da suke cin alewar sun rage sauran abincinsu ba tare da an umarce su ba, amma lokacin da suke shan lemon ba su rage komai ba, sai ya zama ƙari a kan abin da suka saba ci. Gwajin da ya fi wannan girma an yi shi ne a ƙasar Holand aka wallafa a 2012, da yara 641 da aka riƙa ba kowannensu gwangwani ɗaya mai mililita 250 a kullum har wata 18, rabinsu mai sukari, rabinsu maras sukari, ba tare da yaran sun san wanne suke sha ba. A ƙarshe masu shan mai sukari sun ɗara sauran da kusan kilo ɗaya. Kilo ɗaya ba abin tashin hankali ba ne a ido, sai dai ƙaramin gwangwani guda ne ya haifar da shi, cikin shekara ɗaya da rabi, a jikin yaron da ke da sauran shekaru masu yawa a gabansa.

Inda kitsen yake taruwa ya fi nauyinsa muhimmanci. A Jami'ar Kaliforniya da ke Davis, Kimber Stanhope da abokan aikinta sun ɗauki manya masu ƙiba suka raba su gida biyu, suka riƙa ba su abin sha mai zaƙi wanda ya kai kashi 25 cikin 100 na bukatarsu ta yini har mako goma, wasu da glukos zalla, wasu da furuktos zalla. Sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa duka ɓangarorin sun ƙara nauyi kusan daidai, amma masu shan furuktos ne kitse ya fi taruwa a cikin cikinsu a kewayen kayan ciki, hantarsu ta ƙara ƙera kitse, maiƙon jininsu ya lalace, jikinsu kuma ya rage jin maganar insulin. Wannan kitse na cikin ciki, wanda ake gani a matsayin tumbi ko teɓa, shi ne mafi haɗari, ya fi na cinya da na ɗuwawu sharri nesa ba kusa ba. A da, idan likita ya ga hanta ta cika da kitse, giya yake fara zargi. Yanzu ana ganin irin wannan hanta a jikin mutanen da ba su taɓa kusantar giya ba, har da yara, kuma a wasu takan kumbura, ta yi tabo, ta ƙanƙance. Wani gwaji da aka yi a San Faransisko da yara masu ƙiba su 40 da 'yan kai ya nuna cewa da aka cire musu yawancin sukari aka maye gurbinsa da sitaci, ba tare da an yi nufin rage musu yawan abinci ba, kitsen hantarsu ya sauka daga kusan kashi 7 zuwa ƙasa da kashi 4 cikin kwana tara kacal. Gwajin ƙarami ne kuma gajere, amma ya nuna cewa hanta tana saurin amsawa idan aka sassauta mata.

Daga hanta mai kitse zuwa ciwon suga hanya ce miƙaƙƙiya, ko da yake tana da tsawo. Hanta da tsoka da kitse ya mamaye sukan daina jin umarnin insulin yadda ya kamata, sai fankiriyas ta ƙara yawan wanda take fitarwa domin a ji ta, kamar mai magana da kurma da ke ta ɗaga murya. Takan yi shekaru tana wannan fama, kuma a duk tsawon lokacin idan aka gwada jinin mutum za a ga sukarinsa daidai ko ya ɗan ɗaga kaɗan, shi kuma yana jin kansa garau. Ranar da ƙwayoyin da ke ƙera insulin suka gaji suka fara gazawa, sai sukari ya taru a jini. Idan ya haura kusan miligiram 180 a kowane desilita na jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya zubo cikin fitsari ya janyo ruwa tare da shi, daga nan ne ake samun yawan fitsari da ƙishirwa da rama, da kiyashin da ke taruwa inda mutum ya yi fitsari, alamar da likitocin Indiya na zamanin da suka lura da ita tun ƙarnoni masu yawa. Mutumin da ya jira ganin kiyashi ya makara da shekaru. Awon asibiti yana kama cutar tun kafin haka: sukarin jini da ya kai 126 da safe kafin a ci komai, idan aka maimaita aka sake samun haka, ciwon suga ne, tsakanin 100 da 125 kuma gargaɗi ne.

Sunan da muke kiran cutar da shi, ciwon suga ko ciwon sukari, yana jawo kuskure iri biyu masu karo da juna. Na farko shi ne zaton cewa duk mai ciwon shi ya jawo wa kansa da kwaɗayin zaƙi. Wannan zalunci ne, musamman ga yara masu nau'i na ɗaya, wanda garkuwar jiki ce ke lalata ƙwayoyin insulin, babu ruwan alewa a ciki. Ko nau'i na biyu ma, wanda shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na masu cutar, gado da shekaru da ƙiba da rashin motsa jiki duk suna da hannu, kuma akwai siraran mutane da ke kamuwa da shi. Kuskure na biyu shi ne na wanda ya ji wannan bayani sai ya ce ashe sukari ba shi da laifi. Wani nazari da aka wallafa a 2010, wanda ya tattara bincike da dama da suka bibiyi mutane sama da 300,000, ya gano cewa masu shan abin sha mai zaƙi sau ɗaya zuwa biyu a kullum sun fi waɗanda ba su cika sha ba haɗarin kamuwa da nau'i na biyu da kashi 26 cikin 100. A farkon 2025 kuma masu bincike na Jami'ar Tufts suka ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai irin waɗannan abubuwan sha suna da hannu a sababbin masu ciwon suga miliyan 2.2 a duniya, kuma a Afirka kudu da Sahara rabonsu ya haura kashi 21 cikin 100 na sababbin kamuwa. Ƙiyasi ne na lissafi, ba ƙidayar marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya ba, amma ya dace da abin da ake gani a asibitoci. Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ce a 2021 manya miliyan 537 ke ɗauke da cutar, miliyan 24 daga ciki a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirka ba su san suna da ita ba.

Wanda bai sani ba kuwa ba a ɗaga masa ƙafa. Sukarin da ya daɗe yana yawo a jini yana cin ƙananan jijiyoyin jini na ido da na ƙoda, yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa har mutum ya taka ƙusa bai sani ba, gyambo ya ƙi warkewa, a ƙarshe a yi maganar yanke ƙafa.

Zuciya ma tana da nata kason, kuma ba lallai sai ta hanyar ciwon suga ba. Kitsen da hanta ke ƙerawa daga furuktos ba ya tsayawa a cikinta duka, tana tura shi cikin jini, inda yake taimaka wa toshewar hanyoyin jini. Sarrafa furuktos kuma yana ƙara wani asid da ake kira yurik, wanda idan ya yi yawa yakan daskare a gaɓoɓi, musamman babban yatsan ƙafa, ya haifar da ciwon da ake kira gawut, kuma ana danganta shi da hawan jini. Wani bincike da aka wallafa a 2014, wanda ya bibiyi Amurkawa kusan shekara 15, ya gano cewa waɗanda kashi 17 zuwa 21 cikin 100 na abincinsu sukari ne da aka ƙara sun fi masu kashi 8 haɗarin mutuwa da ciwon zuciya da kashi 38 cikin 100, waɗanda suka kai kashi 25 ko fiye kuwa haɗarinsu ya kusa ninka na masu ƙasa da kashi 10 sau uku.

Mai karatu zai iya tambaya me ya sa aka daɗe ana zargin mai da kitse kaɗai a kan ciwon zuciya, aka ƙyale sukari. Wani ɓangare na amsar ya fito fili a 2016, lokacin da masu bincike a Jami'ar Kaliforniya da ke San Faransisko suka tono tsofaffin wasiƙu da suka nuna cewa a 1965 wata gidauniyar masana'antun sukari ta Amurka ta biya masana na Jami'ar Harvard dala 6,500 domin su rubuta sharhi a kan abinci da ciwon zuciya. Sharhin ya fito a 1967 a wata babbar mujallar likitoci, ya raina hujjojin da ke tuhumar sukari, ya ɗora laifin a kan kitse, kuma ba a bayyana wanda ya biya kuɗin ba. A Birtaniya, masanin abinci John Yudkin ya fitar da littafi a 1972 yana gargaɗi a kan sukari, aka yi masa ca, aka mayar da shi abin ba'a, sai bayan rasuwarsa aka dawo ana duba maganarsa. Ba ina nufin kitse ya fita daga zargi ba ne, kuma bai kamata a gyara tsohon kuskure da sabon kuskure ba, a ce sukari shi kaɗai ne tushen kowace cuta. Yawancin alƙaluman da na kawo a kan zuciya da ciwon suga sun fito ne daga bibiyar rayuwar mutane, mai yawan shan lemo kuwa sau da yawa shi ne mai ƙarancin motsa jiki da cin ganye, kuma duk ƙoƙarin da masana ke yi na tace waɗannan abubuwa ba ya tace su tas. Abin da ya sa na gamsu shi ne hujjoji iri uku sun haɗu a wuri ɗaya: bibiyar jama'a, gwajin da aka raba mutane gida biyu, da sanin yadda hanta ke aiki.

A kan haƙori kuwa babu wata jayayya. Abin da ake kira tsutsar haƙori ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune a baki, waɗanda ke cin sukari su fitar da asid, asid ɗin kuma ya narkar da farin ɓawon haƙori. Bayan kowane shan zaƙi bakin yakan yi tsami na kusan rabin awa ko fiye kafin yawu ya wanke shi ya fara gyara ɓarnar. Wanda ya shanye zaƙinsa lokaci guda tare da abinci ya ba yawu damar aiki, amma wanda ke kurɓar shayi mai sukari ko tsotsar alewa daga safe har dare haƙoransa a cikin asid suke wuni. An tabbatar da wannan ta wata hanya mai muni a asibitin Vipeholm na ƙasar Suwidin tsakanin 1945 da 1953, inda aka riƙa ba masu taɓin ƙwaƙwalwa alewa mai danƙo tsakanin abinci da gangan, ba da yardarsu ba, har haƙoran da yawa daga cikinsu suka ruɓe. Yau ana ambaton wannan gwaji a matsayin abin kunya a tarihin likitanci, amma daga gare shi ne al'adar Suwidin ta ba yara alewa ranar Asabar kaɗai ta samo asali. Mafi munin yanayi shi ne a kwantar da yaro da bulumboti mai zaƙi a baki, domin yawu yana raguwa lokacin barci.

Maganar yara ta fi haƙori nisa. Birtaniya ta ci gaba da rabon sukari da awo bayan Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa Satumban 1953, kuma da aka ɗage takunkumin abin da baligi ke sha a yini ya tashi daga kusan giram 40 zuwa kusan 80 cikin ɗan lokaci. Wannan ya ba masana damar kwatanta waɗanda aka yi cikinsu aka haife su a zamanin awo da waɗanda aka haifa jim kaɗan bayansa. Binciken da mujallar Science ta wallafa a 2024 ya nuna cewa waɗanda suka yi kwana dubu na farkon rayuwarsu, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, a cikin ƙarancin sukari, haɗarin ciwon suga ya ragu gare su da kusan kashi 35 cikin 100 bayan sun manyanta, na hawan jini kuma da kusan kashi 20. Shawarar likitocin zuciya na Amurka tun 2016 ita ce kada a ba yaron da bai kai shekara biyu ba wani sukari da aka ƙara. A gidajenmu kuwa kokon yaye da shayin yaro sukan fi na manya zaƙi, kuma baƙon da ya zo gaisuwa alewa da biskit yake riƙo wa yara, duk da kyakkyawar niyya. Harshen da aka saba masa da zaƙi tun yana ƙarami shi ne zai ga fura ba ta shawuwa sai an zuba mata cokali uku.

Da yawa daga masu son gyara sukan bar farin sukari su koma zuma ko mazarƙwaila, suna zaton sun tsira. Zuma tana da daraja a addini da al'ada, kuma tana da amfanin da aka tabbatar, kamar sassauta tari da taimaka wa warkewar rauni, amma kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinta glukos ne da furuktos da danginsu, kuma kasancewar abu magani ba ya nufin a sha shi da ludayi. Mazarƙwaila ruwan rake ne da aka dafa ya daskare, ɗan ma'adinan da ya rage a cikinta bai kai ya canza hukuncinta ba. Dabino yana da zare-zare da ma'adinai, ƙwaya uku a buɗa-baki ba abin damuwa ba ne ga mai lafiya, sai dai kusan kashi biyu cikin uku na busasshen dabino sukari ne, don haka kunun ayar da aka niƙa da tulin dabino yana iya kamo lemon kwalba. Haka nan lemon malt da ake kai wa maras lafiya da mai jego da sunan ƙarin jini: yawancinsu sukarin da ke cikinsu bai gaza na sauran lemo ba, kuma ba su ne maganin ƙarancin jini ba. Zoɓo shi kansa ba shi da laifi, abin da aka zuba masa ne abin tambaya. Masu komawa ga sinadaran zaƙi marasa kalori, irin su sakarin da wasu masu koko ke amfani da shi, su sani cewa a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da su wajen rage ƙiba, domin ba a ga amfaninsu mai ɗorewa a wannan fuska ba.

Akwai kuma abin da ake kira zaƙi a bakin masu maganin gargajiya, wanda ake ɗora wa basir da ciwon baya da raunin namiji, a kuma sayar da jiƙo mai ɗaci a ce yana wanke shi. A cikin wannan magana akwai ƙwayar gaskiya, domin ciwon suga da ya daɗe ba a kula da shi ba yana lalata jijiyoyi har ya raunana namiji. Basir kuwa yunƙuri a bayan gida da taurin bayan gida da ƙarancin ganye da dusa a abinci ne suka fi kawo shi. Ɗaci a harshe ba ya goge sukarin da ya riga ya isa hanta, kuma jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba ƙarin aiki ne ga hantar da ƙodar da ake son ceto. A ɗaya gefen, zargin cewa sukari yana sa yara rashin ji da tsalle-tsalle bai tabbata ba, domin nazarin da ya tattara gwaje-gwaje a 1995 bai ga bambanci tsakanin yaran da aka ba sukari da waɗanda ba a ba su ba. Kuma akwai inda sukari ke ceton rai: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta shi ne ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa, mai ciwon suga da allura ko ƙwaya ta saukar masa da sukari fiye da kima har ya fara karkarwa da gumi kuma sukari ne maganinsa nan take.

Da yake wa'azi kaɗai bai hana mutane sha ba, gwamnatoci sun koma ga farashi. Meziko ta sa harajin peso ɗaya a kan kowace lita a 2014, sayen waɗannan abubuwan sha ya ragu da kusan kashi 6 cikin 100 a shekarar farko, ya ƙara raguwa a ta biyu, kuma ragin ya fi yawa a gidajen talakawa. Birtaniya ta bi wata dabara a 2018, ta ɗora harajin bisa yawan sukarin da ke cikin kwalba, wanda ya kai giram 5 a mililita 100 ya biya, wanda ya kai giram 8 ya biya fiye, sai kamfanoni suka gwammace su rage sukarin da su biya, har matsakaicin abin da ke cikin lemon da harajin ya shafa ya faɗi da fiye da kashi 40 cikin 100. Najeriya ta sa naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a tsakiyar 2022, wato naira 5 a kan kwalba mai santilita 50, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin sai haraji ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin ya yi tasiri sosai. Da hauhawar farashin da aka yi tun daga lokacin, naira biyar ɗin ta narke, kuma tunda a kan lita aka ɗora ta ba a kan yawan sukari ba, kamfanin da ya rage zaƙi da wanda bai rage ba abu ɗaya suke biya. Harajin kuma bai isa teburin mai shayi ko robar zoɓo da kunun zaƙi da ake ƙullawa a gida ba, waɗanda ba su da takardar da ke faɗin abin da ke cikinsu. A kan kwalbar kamfani aƙalla akan rubuta, sai dai yawanci adadin da ke cikin mililita 100 ake bugawa da ƙananan baƙaƙe, don haka wanda ke riƙe da kwalba mai santilita 50 sai ya ninka abin da ya karanta sau biyar, ya raba da huɗu, kafin ya san ƙaramin cokali nawa yake shirin sha, tunda kowane ƙaramin cokali kusan giram huɗu ne.